Na Ziyarci Ƙauyen Da Ke Zaman Jiran Girgizar Ƙasa

Jama'a masu karatu, kafin in ba ku labarin tafiyar da na yi zuwa wani ɗan ƙauye a ƙasar Amurka, ya kamata in fara da faɗin wani laifi da na yi a nan gida, domin laifin nan shi ne ya kai ni can.

A farkon watan Satumba na 2018 ina zaune da iyalina a Mpape, unguwar nan da ke bisa duwatsu a gefen birnin Abuja. Mun saba da ƙarar nakiyar masu fasa dutse, har ta daina hana mu barci. Amma a 'yan kwanakin nan sai muka ji wani abu dabam. Ƙasa ta yi wani irin gunji daga can ƙarƙashi, kwanukan da ke jere a kan kanta suka yi ta kaɗawa, ƙyauren ɗaki ya yi ƙara alhali ba wanda ya taɓa shi. Abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, amma ya yi ta maimaituwa har kwana uku. Ba wanda ya rasa ransa, hukuma kuwa ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyoyin burtsatse na wani lokaci, ta kuma roƙi jama'a su kwantar da hankalinsu.

A rana ta biyu sai wani saƙon murya ya shigo wayata. Mai maganar ya ce wai masana sun tabbatar babbar tana nan tafe daren Juma'a, kowa ya fita daga ɗaki. Ban tambayi ko wane masani ne ba, ban kuma nemi jin ta bakin kowa ba, ni da aka koya mini a makaranta cewa ba a buga labari sai an ji shi daga majiya biyu. Tsoro ya rufe mini ido, na tura saƙon nan zuwa zauren WhatsApp na unguwarmu. Da yake an san ni ɗan jarida ne, sai aka ɗauki maganar tamkar yankan wuƙa. Daren nan gidaje da dama suka kwashi tabarmi suka kwana a fili, ga shi kuwa damina ce, da tsakar dare ruwa ya kece. Cikin waɗanda ruwan ya daka har da wata maƙwabciyarmu mai jego da jaririnta da bai yi wata guda ba. Sanyi ya kama ƙirjin yaron, ya kwana shida a asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya warke. Babbar girgizar kuwa ba ta zo ba. Mahaifin yaron bai taɓa ce mini uffan ba, shirun nan nasa kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Bayan ƙura ta lafa, wata rana muna zaune maiɗakina ta ce da ni, "Maigida, kai da kake cuɗanya da masu ilimi, wai duk duniya ba wanda zai iya faɗa wa mutane ranar da abin nan zai zo?" Na rasa amsar da zan ba ta. Tambayar nan ta zauna mini a rai har shekara biyar.

A watan Oktoba na 2023 na sami shiga cikin wata tawagar 'yan jarida da aka gayyata ziyarar ƙaro ilimi a Amurka. Wata guda ke nan da girgizar ƙasar Maroko ta ranar 8 ga Satumba, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, ga kuma ta Turkiyya da Siriya ta ranar 6 ga Fabrairun shekarar, wadda ta ci fiye da mutum 50,000. Da muka isa birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya aka ba mu hutun kwana biyu, kowa ya je inda yake so. Abokan tafiyata suka nufi kantuna da bakin teku. Ni kuwa na roƙi mai masaukina, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ya kai ni wani ƙauye da na sha karantawa, sunansa Parkfield. Ya yi dariya ya ce, shekara da shekaru yana karɓar baƙi, ba wanda ya taɓa roƙonsa wannan.

Da sassafe muka kama hanya muka yi kudu. Muna tafe Malam yana yi mini bayani, ni kuwa ina ta neman misalin da zan kawo wa masu karatu. Ga abin da na fahimta. Ɓawon duniyar nan da muke takawa ba guda ɗaya ba ne kamar sabuwar ƙwarya. Ya fi kama da ƙwaryar da ta fashe aka harhaɗa sakainunta, kowace sakaina kuwa tana motsi a hankali bisa dutse mai zafi da ke ƙarƙashinta. A Kalifoniya manyan sakainu biyu ne suka haɗu, ta Tekun Fasifik da ta Amurka ta Arewa. Ta Fasifik tana gogar 'yar'uwarta tana yin arewa maso yamma, wajen santimita 5 a shekara, watau kwatankwacin yadda farcen mutum ke tsiro. Babban layin da suke gogayya a kansa shi ake kira Tsagar San Andreas, tsawonta ya kai wajen kilomita 1,200. Ita ce ta motsa ranar 18 ga Afrilu na 1906 ta rushe San Faransisko, gobara ta biyo baya, fiye da mutum 3,000 suka halaka.

Na tambaye shi, in dai motsin a hankali yake, me ya sa yake zuwa da irin wannan ɓarna? Ya ce in ɗauka na ɗaura robar tayar keke a jikin buhun hatsi ina ja a kan daɓe. Ina ja, buhu yana nan daram, roba kuwa tana ta miƙewa. Can sai buhun ya zabura gaba ɗaya. To, dutse ma haka yake lanƙwasa yana tara ƙarfi shekaru aru-aru, ran da ya gaji sai ya zabura. Wani masani mai suna Harry Reid ne ya fara bayyana wannan bayan ya auna filayen da girgizar 1906 ta gusar.

Mun ɗan ratse muka tsaya a garin Hollister, inda wani reshe na tsagar mai suna Calaveras ya ratsa ta cikin unguwanni. A nan na fara gani da idona. Dakalin bakin titi da aka zuba shi a miƙe ya karkace kamar an kama shi an murɗa. Katangar wani gida ta yi baka. Mutane suna ta harkokinsu, wata mata tana tura keken jariri a kan wurin, ko kallo bai ishe ta ba. Malam ya ce irin wannan shi ake kira rarrafe, watau tsagar tana sulalewa kullum a hankali ba tare da ta tara ƙarfi mai yawa ba.

Daga nan muka ci gaba har garin San Migel, sa'an nan muka bar babban titi muka yi gabas ta wata siririyar hanya mai kwana-kwana cikin tuddai. Ciyawa duk ta bushe ta yi ruwan zinariya, sai ka ce dajin Bauchi a watan Disamba. Ga shanu baƙaƙe da jajaye suna kiwo cikin shingen waya, ba makiyayi ba sanda. Kurege yana ta tsallake hanya. Mun yi tafiya mai tsawo ba mu gamu da mota ko biyar ba, waya kuma ta daina kamawa.

Kafin a shiga ƙauyen akwai wata 'yar gada bisa busasshen rafi. A nan Malam ya tsai da mota ya ce in sauko. A bakin gadar an kafa allo mai cewa, yanzu kana shiga sakainar Amurka ta Arewa. In ka haye ka waiwayo, sai ka ga wani allon yana cewa, yanzu kana shiga sakainar Fasifik. Tsagar San Andreas ɗungurungum tana ƙarƙashin gadar nan.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko gwiwata ta yi sanyi. Ni na zaci zan tarar da wani makeken rami mai hayaƙi wanda ba a hango ƙarshensa. Abin da na gani kuwa yashi ne da duwatsu da 'yan itatuwa, da sawun shanu. Sai Malam ya ce in tsuguna a ƙarshen gadar in saita idona da ƙarfen gefenta. Da na yi haka sai na ga ƙarfen da ya kamata ya tafi sak ya lanƙwashe a tsakiya. Tun da aka gina gada a wurin a 1936, ƙafafunta na wancan ƙetare sun gusa fiye da mita guda in an gwada da na wannan ƙetaren, an kuma sha gyara ta. Kowane ɓangare ka tsaya, ɗaya ɓangaren yana tafiya hannunka na dama. Na tsaya tsakiyar gadar na ware ƙafafuna, na kasa kunne, na riƙe numfashi. Ban ji kome ba sai iska da kukan wata saniya. Nan na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, wadda takan ce mana duniya tana bisa ƙahon wani bajimin sa ne, in ya gaji ya juya ta zuwa ɗaya ƙahon sai ƙasa ta girgiza. Na ba Malam labarin, ya yi murmushi ya ce, aƙalla tsohuwar ta gane cewa gajiya ce ke kawo abin.

Parkfield kanta ba ta kai unguwa guda ta ƙauyenmu ba. Allon shiga gari ya ce mazaunanta mutum 18 ne. Akwai gidan abinci na katako, da masaukin baƙi, da 'yan gidaje a ƙarƙashin manyan itatuwa. A jikin wani tankin ruwa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan ce hedkwatar girgizar ƙasa ta duniya, an kuma ƙara da cewa, ka kasance a nan ran da za ta faru. Na yi mamakin mutanen da suka mai da abin tsoro abin talla. Da muka shiga cin abinci na tambayi matar da ta kawo mana shayi ko ba ta jin tsoro. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita gobarar daji ta fi ba ta tsoro, don gidanta na katako ne, in ƙasa ta motsa rawa yake yi ya tsaya. Abin da takan kula da shi kawai shi ne kada ta rataye abu mai nauyi a saitin gadon barcinta.

To, me ya sa wannan ɗan wuri ya yi suna haka? Dalili shi ne inda Allah ya ajiye shi. Daga Parkfield zuwa arewa maso yamma tsagar rarrafe take yi, wajen santimita 2 zuwa 3 a shekara. Daga nan zuwa kudu maso gabas kuwa a kulle take, ba ta yi babban motsi ba tun ranar 9 ga Janairu na 1857, sa'ad da ta yage tsawon kilomita 350 a girgizar da aka ƙiyasta ƙarfinta maki 7.9. Parkfield tana tsakanin mai rarrafe da mai kulle, saboda haka takan sami girgiza matsakaiciya, mai wajen maki 6, a kai a kai. An rubuta ta 1857, da 1881, da 1901, da 1922, da 1934, da 1966. In ka lissafa tazarar da ke tsakani za ka ga 24, 20, 21, 12, 32, watau shekara 22 ke nan in an raba daidai. Bugu da ƙari, ta 1934 da ta 1966 sun yi kama da juna kamar tagwaye: wuri ɗaya suka faro, a ƙarƙashin wani tudu da ke arewa da ƙauyen, suka yi kudu, kuma kowacce sai da wata ƙarama ta riga ta da minti 17.

Ganin haka, a 1985 wasu masana biyu na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, William Bakun da Allan Lindh, suka fito da hasashe a fili. Suka ce ta gaba za ta zo wajen 1988, kuma suna da tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa za ta auku kafin 1993. Gwamnati ta amince, aka zuba kuɗi. Aka cika kwarin nan da na'urori: masu jin motsin ƙasa, da wayoyin da aka miƙa a ƙetaren tsagar don auna rarrafenta, da masu auna matsin dutse a cikin ramuka masu zurfi, da masu lura da hawa da saukar ruwan rijiyoyi, da hasken leza da ake harbawa daga tudu zuwa tudu don auna nisa. Malam ya nuna mini wasu akwatuna masu faifan hasken rana a gefen hanya, cikin shinge don kada shanu su ture su. Manufar ita ce a kama alamar da ke zuwa kafin girgiza, ko da ta sa'a guda ce, don a riƙa yi wa birane gargaɗi.

Shekarar 1988 ta zo ta wuce shiru. A watan Oktoba na 1992 wata 'yar girgiza mai maki 4.7 ta auku, hukuma ta ba da gargaɗi mafi girma cewa babbar tana iya zuwa cikin kwana uku. 'Yan jarida irina suka yi dafifi da motocin talabijin suka cika ƙauyen, suka kwana uku suna jira, suka koma hannu rabbana. Shekarar 1993 ma ta shige. Ana cikin wannan jira sai girgiza ta faɗa inda ba a kafa mata tarko ba: ta Loma Prieta a 1989 ta kashe mutum 63 a yankin San Faransisko, ta Northridge kuma a 1994 ta kashe 57 a Los Anjalis.

Sai ranar 28 ga Satumba na 2004, da ƙarfe 10 da kwata na safe, ta Parkfield ta iso, bayan shekara 38 da ta ƙarshe. Ƙarfinta maki 6 ne kamar yadda aka ce, a kan kuma yankin tsagar da aka ce. Amma ta makara da fiye da shekara goma, kuma maimakon ta faro daga arewa ta yi kudu, sai ta faro daga kudu ta yi arewa. Abin da ya fi girgiza masana shi ne, duk tarin na'urorin nan ba wadda ta ji wata alama bayyananniya kafin ta zo. Ba ƙaramar da ta riga ta, ba sallama, ba gyaran murya. Ba wanda ya mutu a cikinta.

Ban ga laifin masanan nan ba, hasali ma sun burge ni. Sun faɗi hasashensu a bainar jama'a da sunayensu da alƙalumansu, da ya kuskure kuma suka rubuta cewa ya kuskure. Aikinsu bai tafi a banza ba, gama har zuwa wancan lokacin ba a taɓa auna wata girgiza dalla-dalla daga kusa kamar ta 2004 ba, injiniyoyi kuma sun ƙaru da sanin yadda ƙasa ke jijjiga a kusa da tsaga. Har rami suka haƙa a arewa da ƙauyen mai zurfin wajen kilomita 3, suka ratsa cikin tsagar kanta, a 2007 suka zaro dutsenta, suka tarar da wata irin laka mai santsi wadda ke sa ta sulalewa. Amma maganar ranar da za ta zo, matsayin hukumar a yau shi ne ba wani masani da ya taɓa faɗin rana da wuri da ƙarfin babbar girgiza ta hanyar da za a dogara da ita. A ƙasar Sin an kwashe mutane daga birnin Haicheng kafin girgizar Fabrairun 1975, don ƙananan girgiza sun yi ta zuwa kafinta, aka yi murna an gano bakin zaren. Shekara guda da rabi bayan haka ta Tangshan ta zo ba zato, ta kashe fiye da mutum 240,000.

Ina zaune a gidan abincin nan, shayina ya huce, sai na tuna saƙon muryar da na tura. Ga mutanen da suka kashe kusan shekara 20 da miliyoyin daloli suna gadin tsaga guda ɗaya da suka san ta ciki da bai, ba su san ranar ba. Ni kuwa na gaskata wani da ban san ko sunansa ba, ya ce daren Juma'a. Kunya ta sake rufe ni sabuwa.

Na ce da mai masaukina, "To Malam, in ba a san ranar ba, ina amfanin duk wannan wahala?" Ya ce in bari sai mun isa inda za mu kwana.

Da la'asar muka gangara garin Paso Robles, ya kai ni dandalin tsakiyar gari ya nuna mini wani gini mai hasumiyar agogo a kusurwa. Ya ce wannan sabo ne. Na asalin an gina shi a 1892 da jan bulo ba ƙarfe a ciki. Ranar 22 ga Disamba na 2003 wata girgiza mai wajen maki 6 da rabi ta taso daga wajen bakin teku, rufinsa ya zame ya faɗo kan mata biyu da ke ƙoƙarin gudu waje, su kaɗai ne kuma suka mutu a girgizar. Tsofaffin gine-ginen da ke kusa waɗanda aka riga aka ɗaure su da ƙarfe sun tsattsage, amma ba su faɗi ba. Kwana huɗu bayan wannan, ranar 26 ga Disamba, wata mai kusan wannan ƙarfi ta auka wa birnin Bam na ƙasar Iran, fiye da mutum 26,000 suka mutu. Gaskiya ne ta Bam a ƙarƙashin birnin ta fashe, da asuba mutane suna barci. Amma abin da ya danne su shi ne gidajen tubali masu nauyin rufi, irin waɗanda duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san su.

Malam ya ce mutanen Kalifoniya ma da jini suka sayi wannan darasi. Girgizar Long Beach ta ranar 10 ga Maris na 1933 ta rushe makarantu da yawa, Allah ya taimaka ta zo da yamma yara sun tashi. Cikin wata guda majalisar jihar ta kafa dokar da ta tsananta yadda za a gina makarantun gwamnati. A 1972 kuma aka yi dokar da ta hana gina gidan zama a kan tsagar da aka san tana motsi. Tun 2019 suna da wani tsari da ke aika gargaɗi ta wayar hannu. Shi ma ba duba yake yi ba: sai girgizar ta riga ta fara, na'urori su ji kaɗawar farko mai sauri, su aika saƙo ya riga kaɗawa ta biyu mai ɓarna isa wurin mutane. Abin da ake samu 'yan daƙiƙoƙi ne, amma sun isa jirgin ƙasa ya rage gudu, yaro kuma ya durƙusa ya shige ƙarƙashin tebur ya riƙe ƙafarsa, kamar yadda ake koya musu tun suna firamare.

Wani zai ce, ina ruwanmu, mu da Allah ya ajiye mu a tsakiyar sakaina, nesa da bakinta? Haka ne, haɗarinmu bai kama ƙafar nasu ba, kada kuma kowa ya karanta wannan ya kwana a waje. Amma ƙasarmu ba a ɗaure take da igiya ba. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a 2018, ya kuma sake dawowa Mpape a Satumban 2024. Birnin Akara na Gana ya sha girgiza mai kisa a 1939, ta ƙasar Gini kuwa a Disamban 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane. Muna da cibiya a Toro ta jihar Bauchi mai lura da irin wannan motsi, ita ya kamata mu riƙa saurare. Abin da ya fi damuna ma shi ne, mu gine-ginenmu ba sa jiran ƙasa ta motsa. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Wata makaranta ta rufta a Jos a Yulin 2024, aka rasa rai 22, galibinsu ɗalibai. Ginin da ya kasa ɗaukar nauyin kansa a ranar da ƙasa take kwance lafiya, ina labarinsa ran da ta yi ko da ɗan tari?

Lokacin da na yi wannan tafiya ina da ɗan fili da na saya a bayan gari, na tara kuɗin ɗaki huɗu. Kafin in tafi mun yi magana da magini, ya ce in ina so kuɗin su kai, sai a ƙara yashi a rage siminti wajen buga bulo, a sa rodi ƙanana a ginshiƙai, a kuma tsallake zuba linta a wasu wuraren. Ya ce kowa haka yake yi. Na ce masa to. Da na dawo na kira shi na ce mun fasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kuɗin nan ba za su yi ɗaki huɗu ba ke nan." Na ce a yi biyu. Na nemo injiniya na biya shi ya duba harsashi da ƙarfe, aka zagaye ginin da linta gaba ɗaya, ni da kaina kuma na riƙa zuwa ran buga bulo ina ƙirga buhunan siminti. 'Yan'uwa sun yi mini dariya, wai na je Amurka na dawo da rabin gida. Ban ji haushi ba, tun ran gini ran zane.

Maiɗakina kuwa, daren da na sauka, bayan yara sun yi barci, ta tuna mini da tambayarta. Na ce mata na je har inda aka fi kowa neman amsar, kuma ba su da ita. Ranar tana wurin Allah. Abin da ya bar mana a hannunmu shi ne mu san irin ƙasar da muke zaune a kanta, da irin rufin da muke kwantar da 'ya'yanmu a ƙarƙashinsa. Ta yi shiru, can ta tashi ta sauke babban madubin da ke rataye a saitin gadon yaran ta jingine shi a ƙasa.

Sai kuma na yi abin da ya kamata in yi tun shekara biyar da suka wuce. Na je gidan maƙwabcin nan namu na dā, na same shi a ƙofar gida, na ce na zo neman gafara a kan saƙon nan. Ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce, kai ma tsoro ne." Ya kira yaron ya zo ya gaishe ni, ya girma har ya shiga makaranta.

Saboda haka jama'a, ga roƙona. Duk ran da saƙo ya shigo wayarku mai cewa girgizar ƙasa za ta zo rana kaza da ƙarfe kaza, ku sani mai maganar ya faɗi abin da masanan Parkfield da duk na'urorinsu suka kasa faɗa. Kada ku tura shi gaba. Mu kuma 'yan jarida, nauyinmu ya fi na kowa, don jama'a suna ɗaukar maganarmu da daraja. Wanda kuma Allah ya hore masa abin yin gini, ya ji tsoron Allah a kan siminti da rodi, ko da ɗakunan za su ragu.

Allah ya kiyashe mu da mummunan ji da mummunan gani, ya sa mu gama lafiya, amin.